"Kakanninmu Fa?": Yadda Wa'azin Masihiyawan Ƙasar Rano Ke Amsa Tambayar Ceto

A ƙasar Rano, daga Dawaki zuwa Kibiya, ka miƙa har Tudun Wada da Sumaila, akwai ikilisiyoyin da da Hausa ake sujada a cikinsu, kuma ba aron harshen suka yi ba. Masu zama a bencinansu jikokin Maguzawa ne. A gidaje da dama, tsakanin wanda ya fara karɓar baftisma da wanda ya yanka wa iska Kure bunsuru bai wuce uba da ɗa ba, ko kaka da jika. Don haka tambayar da ɗaliban tauhidi ke rubuta jarrabawa a kanta, wato makomar wanda ya mutu bai taɓa jin bishara ba, a nan da fuskar mutum take zuwa. Ba mai cewa "waɗanda ba su ji ba". Cewa ake yi "tsohona", ko "kakata".

Amsa wannan tambaya ya zama wani reshe na wa'azi mai ayoyinsa da salonsa. Ba kasafai ake ɗauko ta a bagadi ranar Lahadi ba. A ajin baftisma take ɓullowa, da binciken Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, da taron zumuntar mata, sai kuma zaman makoki, musamman idan mamacin tsoho ne wanda 'ya'yansa suka kasu uku: wani coci, wani masallaci, wani yana nan kan al'adar gida. Takan zo kamar haka. Mai bishara, saurayi ne da bai daɗe da fitowa makarantar Littafi Mai Tsarki ba, ya gama bayanin cewa ba ceto sai ta wurin Yesu. Sai wata tsohuwa daga bencin baya ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, "Malam, ɗana, ban katse ka ba. Tsohona bai taɓa kwana da hatsin wani a rumbunsa ba. Ya rasu tun ba a tare ruwan Tiga ba, ku kuwa sai daga baya kuka zo. To, wuta za shi?" Ɗakin yakan yi tsit, don kowa yana da nasa tsohon.

Kafin a duba amsoshin, ya kamata a san dalilin da ya sa tsohon bai ji ba, domin wa'azin yakan tsallake wannan. A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar Hausa. Biyun farko suka mutu a 1894, Gowans a Girku, Kent a Bida. A 1900 ayarin Bishop Tugwell, da Likita Miller a ciki, ya iso Kano, Sarki Alu ya ce su bar masa gari. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903, Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta shekara da shekaru tana takura wa 'yan mishan shiga masarautu, har da ƙauyukan da ba Musulmi ne a ciki ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa sai 1932 ya fito. A cikin shekarun 1930 ne ƙofa ta ɗan buɗe, galibi ta aikin jinyar kutare irin na Yadakunya. An kafa ikilisiyar ECWA a 1954, shigar Maguzawa coci da yawa kuwa sai wajen shekarun 1970 zuwa sama. Ke nan Bamagujen da ya mutu a gindin duwatsun Rano a 1940 ba ƙin bishara ya yi ba. Zazzaɓi ne da siyasar sarakuna da ta Turawa suka tsare ta a hanya, ba wanda ya shawarce shi.

Amsar da aka fi ji a ikilisiyoyin da suka fito daga tsatson SIM, mishan ɗin su Bingham, mai tsauri ce. Ana buɗe Yahaya 14:6 da Ayyukan Manzanni 4:12 don kafa cewa Almasihu ne kaɗai hanya, sannan a koma Romawa sura ta 1, inda Bulus ya nuna cewa halitta ta isa ta shaida wa kowa akwai Mahalicci, saboda haka wanda ya juya ga bautar wani abu ba shi da hanzari. Wanda ya fi kowa kafa wannan matsayi a Arewa shi ne Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya zama babban sakataren ECWA a 1967. A littafinsa Theological Pitfalls in Africa, da ya fito a 1975, shekarar rasuwarsa, ya soki malamai irin su John Mbiti da Bolaji Idowu kan abin da ya gani a matsayin ɗaukaka addinin gargajiya fiye da kima. Ya yarda mutanensa na Jaba sun san akwai Maɗaukaki, amma ya ce sanin nan shaida ce a kansu, ba ya ceto.

Wannan matsayi ba abin rainawa ba ne. Shi ya ɗauki masu bishara da matansu ya kai su ƙauyukan da ba mota ba asibiti. Kuma waɗanda suka fito daga tsafi da kansu su ne kan gaba wajen ƙin a yi masa kwalliya. Sun san kuɗin da boka ya ci, sun san tsoron iskoki da ke hana mutum barci, sun san awakin da suka ƙare wajen neman lafiyar yaron da bai tashi ba. Malamin jami'a da zai zo ya ce musu duk hanya ɗaya ce, ba za su ba shi tabarma ba, kuma gaskiyarsu.

Inda nake da ja shi ne wurin da ake rufe littafin. Wasiƙar Romawa ba ta ƙare a sura ta 1 ba. A sura ta 2, aya 14 zuwa 16, Bulus ɗin nan ya yi maganar al'ummai marasa Attaura waɗanda lamirinsu ke zarginsu ko kuwa ya kare su a ranar shari'a. A Listira, cikin Ayyukan Manzanni 14, ya tsaya gaban masu shirin yanka bijimai don hadaya, ya gaya musu Allah bai bar kansa ba shaida a cikinsu, hujjarsa kuwa ruwan sama ne da amfanin gona da ƙoshi. Ban san wani nassi da ya dace da manomin dawa kamar wannan ba, amma da wuya ka ji an karanta shi a ajin baftisma. A Atina ya ce Allah ya kau da kai ga zamanin rashin sani. A Luka 12 Yesu da kansa ya bambanta hukuncin bawan da ya san nufin ubangidansa da na wanda bai sani ba. Malkisadik ba Bayahude ba ne, Ayuba ma haka. Mai wa'azin da ya ɗauki ayoyi uku ya bar waɗannan bai faɗi ƙarya ba, amma ya ba tsohuwar rabin mudu ya ce mata cikakke ne.

Akwai kuma abin da ke faruwa a jana'izar jarirai. Faston da ya ce babu mafita ga wanda bai ji ya kuma ba da gaskiya ba, shi ne zai tsaya bakin ɗan ƙaramin kabari ya gaya wa uwar cewa ɗanta yana wurin Ubangiji. Daidai ya faɗa, a ganina. Sai dai jaririn bai ji bishara ba, bai amsa kiran bagadi ba. Ashe faston ya riga ya yarda cewa mutuwar Almasihu tana iya kaiwa ga wanda sunan Almasihu bai kai kunnensa ba. Cewa ceto ta wurin Yesu ne kaɗai magana ɗaya ce. Cewa sai wanda mai bishara ya riska kafin ya cika, wata magana ce daban, kuma Ibrahim da Musa da Dawuda ba su cika wannan sharaɗin ba. Masu tsaurin ra'ayi za su ce jariri bai yi zunubi da gangan ba, kaka kuwa ya yi tsafi ido buɗe, su ƙara da Romawa 10:14 kan wajabcin ji. Hujja ce mai nauyi. Amma ta isa ta hana mu tabbatar da cewa kaka ya tsira ne kawai, ba ta isa ta ba mu ikon tabbatar da cewa ya hallaka ba.

Shi kakan ma, me ya sani? Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939 ya kuma buga bincikensa a 1946, ya tarar sun yarda Allah ne bisa kome, sai dai yanka da roƙo na yau da kullum ga iskoki ake yi. Kato zai ce ga Romawa 1 nan a fili. Wani zai ce ga mutanen Atina nan masu lalube. Abin da babu mai iya faɗa shi ne abin da ya gudana tsakanin wani tsoho guda da Mahaliccinsa a daren da yanka ya ƙi ci, ya ɗaga kai sama.

Katolika sun fi sauƙin baki a nan, domin Majalisar Vatican ta Biyu ta zartar a 1964, a sashe na 16 na Lumen Gentium, cewa wanda bai san bishara ba ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya ya bi lamirinsa da taimakon alheri, yana iya samun ceto. Katikis yana da abin riƙewa, ko da yake a bakin wasu yakan sassauta ya koma "mutumin kirki ne, ya huta", wanda ba shi takardar ta ce ba. Maƙwabta Musulmi kuma suna da tasu mas'alar ta ahlul fatara, inda malaman Ash'ariyya suka dogara da aya ta 15 ta Suratul Isra'i suka ce ba a azabtar da wanda manzo bai je masa ba. A gidan da wa ya musulunta ƙane ya shiga coci, su biyun kan kwatanta abin da malamansu suka ce game da uba ɗaya, kuma ƙanen ne sau da yawa ke tashi da nauyi a zuci.

Mafi yawan dattawan ikilisiya kan tsaya ne a kan "Allah ne masani". Idan an faɗe ta don a kashe magana a tashi, gudun tambaya ce. Idan kuwa an bi da mai tambaya ta cikin ayoyin duka, masu zafi da masu sanyi, har aka kai shi Farawa 18, inda Ibrahim ya jingina roƙonsa a kan adalcin Mai shari'ar duniya, to ita ce iyakar abin da aka ba ɗan Adam ya faɗa. Masu tsoron kada wannan ya sanyaya aikin bishara su tambayi matan da suka bar bori abin da suka samu. Ba za su fara da lahira ba, za su fara da barcin da suke yi yanzu.

Maganar ba ta matattu kaɗai ba ce. Ana ba da labarin Radbod, sarkin Firisiya da ya mutu a 719, wai ya sa ƙafa ɗaya a ruwan baftisma sai ya tambayi inda kakanninsa suke, da aka ce wuta ya janye ƙafarsa. Francis Xavier ya rubuta a 1552 cewa sababbin tuba a Japan kuka suke yi saboda iyayensu. A tungayen kudancin Kano har yanzu da sauran tsofaffin da ba su shiga ko'ina ba, kuma cikin abin da ke riƙe su akwai wannan: ba za su bi hanyar da sharaɗinta shi ne su yarda uwarsu tana wuta ba. Saurayin da za a aika musu daga makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa ko ta Kagoro ya kamata ya iso da Romawa 2 da Ayyukan Manzanni 14 a hannu, ba sura ta 1 kaɗai ba, kuma kafin ya buɗe littafin ya zauna ya tambayi tsohon abin da ubansa yake cewa game da Allah a shekarar da ruwa ya ƙi sauka.