Na'ura a Kujerar Alƙali

Masu ɗokin shigo da ƙirƙirarriyar basira kotunanmu suna cewa za ta rage jinkiri. Rabon gado kam lissafi ne, za ta iya. Amma rikicin iyakar gona a ƙauyukan Roni, hujjarsa tana bakin dattawa da mai unguwa, wani sa'in ma da Fulatanci. Ba a rubuce take ba, balle na'ura ta karanta. Kuma ba ta jin kunyar ƙarya: a 2023 wata kotu a New York ta ci tarar lauyoyi biyu da kamfaninsu dala 5,000 kan hukunce-hukuncen bogi da ChatGPT ya ƙaga musu.

In alƙali ya kuskure, muna iya ɗaukaka ƙara har Dutse. In na'ura ce ta ba da shaidar zur, wa za mu rantsar?