Masu Sanin Ciwon Ruwa Kafin Su Ba Shi Magani

A kowace unguwa akan sami macen da randarta ba ta kwantar da yaro. Ɗan garuwa ɗaya ke kawo musu ruwa ita da maƙwabtanta, ko rafi ɗaya suke ɗiba, amma gudawar damina sai ta tsallake gidanta. Mutane kan ce tsafta ce. Gaskiya ne, sai dai akwai ilimi a ciki wanda ya isa a jinjina masa. Irin wannan mace ta yarda ruwa ba ya tsami banza, don haka takan duba launinsa, ta shinshina, ta tambayi inda aka ɗebo, kafin ta yanke abin da za ta yi masa.

In ruwan ya zo jawur da laka, alif take ɗaukowa. Ba ta jefa shi ta tafi. Takan kaɗa shi 'yan zagaye kaɗan ta cire, domin in ya yi yawa ruwan bauri yake yi. Ƙwayoyin laka ƙanana ne ƙwarai, ba su da nauyin da za su kwanta da kansu, alif ne ke tara su su dunƙule su nutse. In babu alif, busasshen irin zogale yana yin wannan aiki: a ɓare, a daka, kimanin ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya, a dama a bar shi kamar awa guda, sannan a tsiyaye na sama a hankali.

A nan gwanaye ke rabuwa da 'yan koyo. Da yawa in suka ga ruwa ya yi garau sai su ce shi ke nan. Ita kuwa ta san ƙwayar kwalara da ta taifot ido ba ya ganinsu, kuma alif rage su yake yi, ba ya gamawa da su. A 2021 kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Najeriya, mafi yawa a jihohin Arewa. Saboda haka bayan tsiyaya sai ta tafasa ruwan har ya yi ta ɓulɓula na minti ɗaya, ko ta saka ƙwayar kulorin irin Aquatabs da aka yi don jarka mai lita 20, ta jira rabin awa. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta juya tsarin. Kulorin da aka zuba a ruwa mai laka, dauɗar ce ke cinye ƙarfinsa kafin ya kai ga cutar. Ranar da itace ya yi tsada kuwa, takan cika farar gorar roba ta shanya a kan kwanon ɗaki awa 6 cikin rana tsaka, kwana 2 in da hadari. Kuma modarta mai mariƙi ce, hannu ba ya shiga randa.

Wani ciwon ƙyalle kawai yake so. Kurkunu ba shi da allura ba shi da ƙwaya, amma ƙananan ƙwarin da ke ɗauke da shi ba sa wuce matacin ƙyalle mai matsattsiyar saƙa. Da wannan tacewa, da haƙa rijiyoyi, da yawon wayar da kai irin wanda Janar Yakubu Gowon ya yi ƙauye ƙauye tare da Cibiyar Carter, cutar da ta kama 'yan Najeriya fiye da 650,000 a 1988 ta ƙare. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu ita a Najeriya da Nijar.

Ruwan burtsatse halinsa daban. In ya fito fari tas, can an jima ya yi ja yana ɓata kaya, ƙarfe ne a cikinsa, iska yake buƙata: a yi ta juya shi daga bokiti zuwa bokiti, a bari ya kwanta, a tace ta cikin wankakken yashi. Ruwan zartsi kuwa ko alif ko wuta ba sa raba shi da gishirinsa. Gwana ba ta ɓata itacenta, wanki take yi da shi, ta nemi na sha a wani wuri.

Ƙololuwar wannan gwaninta ita ce sanin inda dabarar gida ta tsaya. A Tibiri ta jihar Maraɗi, ruwan famfo mai kyan gani ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen 2000, saboda sinadarin fulorayid da ya ninka ƙa'idar miligiram 1.5 a lita sau uku ko fiye. Ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano, tafasawa ma ƙara masa kauri take yi, kamar yadda take yi wa gubar dalma. Mai ido takan lura in haƙoran yaran unguwa sun fara yin dabbare-dabbaren ruwan ƙasa, ta daina yarda da ruwan.

Masu unguwanni da masu hali da ke haƙa wa jama'a burtsatse don neman lada, Allah ya saka muku da alheri. Amma kafin yara su fara sha, a kai ruwan ɗakin gwaji a auna shi.