Gidan Zare a Sinthian: Baƙo Ya Zo, Me Ya Rage wa Ƙauye?

A gabashin ƙasar Senegal, cikin jihar Tambakunda, fiye da kilomita 400 daga Dakar, akwai wani ƙauye da ake ce da shi Sinthian. A shekara ta 2015 aka buɗe wani gida a can mai suna Thread, watau zare, domin masu zane da masaƙa da mawaƙa da marubuta su zo daga ƙasashe dabam dabam su zauna makonni kaɗan suna aikinsu a tsakiyar manoma. Gidauniyar Josef da Anni Albers ta ƙasar Amurka ce ta kafa shi, tare da ƙungiyar Le Korsa, wadda ta riga ta daɗe tana taimakon aikin asibiti da makarantu a wannan yanki. Sunan kuwa domin tunawa da Anni Albers ne, masaƙiyar nan haifaffiyar Jamus wadda ta rasu a 1994.

Irin waɗannan masaukai sun yawaita a zamaninmu, kuma kusan kullum yabo ne ake yi musu. Ya kamata mai karatu ya tambaya ko yabon na wane ne.

Bari a fara da ginin, gama shi ne abu mafi kyau da aka yi a wurin. Toshiko Mori, mai tsara gine-gine 'yar asalin Japan, ita ta zana shi, mutanen yankin kuma suka gina da abin da ke hannunsu: tubalin ƙasa, gora da ciyawar jinka. Rufin bai tsaya kamar jinkar da muka sani ba, mai tsini a sama tana zubar da ruwa waje ko'ina. An lanƙwasa shi ya gangaro, har ruwan damina ya bi ta magudanai ya taru a ma'ajiya, a yi amfani da shi da rani. Wanda ya san abin da mata ke sha a watannin bazara, guga a hannu tun kafin gari ya waye, ba zai raina wannan ba. A ƙarƙashin rufin akwai fili mai faɗi inda ake taro da wasa da karatu da koyon aikin lambu, ɗakunan baƙi kuwa biyu ne kawai. Babu abin da ke cikin ginin da maginin ƙauye ba zai iya gyarawa ba in ya lalace. Wannan hikima ce, kuma ta fi ta asibitoci da makarantu da yawa da aka gina mana da kwano da siminti, waɗanda da rana ba a iya zama cikinsu.

Amma an ce mana gidan masu fasaha ne, sai mu auna shi a kan haka. A nan ne hankalina bai kwanta ba. Makonni kaɗan ba su isa mutum ya koyi gaisuwa da Fulatanci yadda dattijo zai amsa masa da daɗin rai ba, balle ya gane abin da masaƙin gari ya sani. Baƙo ya zo, ya sami shiru da haske da sararin da ba ya samu a birni, ya yi aikinsa, ya naɗe ya tafi da shi. A Nuyok ko Paris za a rataye shi a kuma sa masa kuɗi. Ba laifi ba ne mutum ya nemi wurin natsuwa, amma kada a kira shi musaya alhali hanya ɗaya ce ƙafa ta fi bi. Ko ginin ma, da hotunansa suka zaga duniya, sunan mai zanen ne ya bi su. Mutanen da suka ɗaure gorar suka yi jinkar, jam'i ake kiransu: mutanen ƙauye.

Muna da abin da za mu gwada da shi, gama wannan ba sabon abu ba ne a Afirka ta Yamma. Baturen nan Michael Cardew, bayan ya yi aikin tukwane a Achimota da Vume a ƙasar Gana, ya kafa makarantar ginin tukwane a Abuja ta dā, wadda ake kira Suleja yanzu, ya zauna a can har 1965. A 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta fari a wurin. Kafin nan ƙwararriya ce, har Sarki Sulaimanu Barau yana ajiye tukwanenta a fada. Cardew bai ɓoye ta a bayansa ba. An nuna aikinta a Landan da sunanta, ta yi yawon nuna sana'arta a Turai da Amurka, kuma hotonta yana kan takardar naira 20. Zaman shekaru ne ya haifi wannan, ba na makonni ba.

Duk da haka sai a dubi abin da ya sami randar kanta. Randar Gwari ta asali ana gasa ta a fili da wuta marar tsanani, jikinta yana tsatsafo, shi ya sa ruwa ke yin sanyi a ciki. A Abuja aka canza yumɓu, aka shafe randa da wani shafi mai sheƙi kamar gilashi, aka gasa ta a tanderu mai zafi ƙwarai. Ta fito da kyau, ƙadangaru da kunamu da kifayen da Ladi ta zana suna haskakawa ta ƙarƙashin shafin, amma ta yi nauyi, ta daina tsatsafo, ta kuma fi ƙarfin aljihun macen ƙauye. Randa ta bar gindin bango ta koma falon masu kuɗi. Ashe dogon zama ma yana da nasa hasara, sai dai a can an san abin da aka samu da abin da aka rasa, ana iya nuna su da yatsa.

Wanda ya fi kusa da abin da nake nema shi ne wurin sassaƙa na Oye-Ekiti a ƙasar Yarabawa, wanda limaman Katolika na ƙungiyar SMA suka buɗe a 1947, Fada Kevin Carroll yana cikin masu lura da shi. A can baƙo ba shi ne mai sassaƙa ba. Aikinsa ya kawo labari daga Littafi Mai Tsarki, ya biya lada, ya bar Bandele Areogun ya sassaƙa shi bisa ga yadda ya gada daga ubansa. A hannun Bandele ne Lamidi Fakeye, wanda Musulmi ne, ya yi shekaru yana koyo, daga baya ya zama malami a jami'ar Ife. Wurin bai daɗe ba, an rufe shi bayan 'yan shekaru, kuma ba dukan masu bi ne suka ji daɗin ganin Maryamu da fuskar Bayarabiya ba. Amma ƙyamaren da aka sassaƙa sun tsaya a majami'u cikin ƙasar, sana'ar kuma ta wuce daga hannu zuwa hannu.

Saboda haka ina ganin Thread ya yi nasara a matsayin zauren gari da ma'ajiyar ruwa, abin da ya shafi fasaha kuwa bai kammala ba tukuna. Gyaran ba mai wuya ba ne. A bar ɗaya daga cikin ɗakunan nan biyu ga masaƙi ko mai rini ko makaɗi daga cikin jihar Tambakunda, a ba shi lada daidai da na baƙo, har tsawon damina da rani. Baƙon da ya zo ya bar wani abu daga aikinsa a ƙarƙashin rufin da ya ba shi inuwa. A kuma rubuta sunayen masu jinkar a bango, gama ciyawa takan ruɓe, kuma duk bayan 'yan shekaru su ne za a kira su hau su sabunta ta.