Masha-ruwa a Sararin Jibiya

Manomin gero a ƙasar Jibiya ba ya murna da bakan gizo. Hadari zai haɗo daga gabas, mata su kwashe shanya, yara su koro awaki gida, sai kuma ga bakan ya tsaya a sama. Nan za ka ji dattijo ya ce, "Shi ke nan, ya shanye." Haka ake faɗa a Magama inda shingen iyaka yake, haka ake faɗa a Ɗan Isa a tsallaken Nijar, har Madarunfa da Maraɗi. Mutanen Gulbi ɗaya ne, damina ɗaya suke jira, fargabarsu ma ɗaya ce.

Wa ya shanye? A tsohon ilimin bori, Gajimare ne, iska mai siffar maciji, wanda ake yi wa laƙabi da Masha-ruwa. Mazauninsa suri ko tsohuwar rijiya. Daga nan yake miƙewa ya kafa baki a hadari. Wani Bature, Tremearne, ya rubuta labarinsa a littafin da ya fitar a 1914, daga bakin Hausawa 'yan bori mazauna Tunis da Tarabulus. Joseph Greenberg ya sake tarar da shi wajen Maguzawan ƙasar Kano, a bincikensa da aka buga a 1946. Ba abin mamaki ba ne labarin ya yi tsawon rai a wannan yanki. Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, sarakunan Haɓe sun yi arewa suka kafa Maraɗi, bori kuma ya ci gaba da zama a fada ƙarƙashin Iya, shugabar 'yan bori.

Ba mu kaɗai muka ga maciji a bakan ba. Yarbawa na da Oshumare, mutanen Dahomey na da Dan, 'yan asalin Ostireliya ma suna da nasu. Amma a Littafin Farawa, sura ta 9, bakan alamar alkawari ce ga Nuhu cewa ruwa ba zai ƙara hallaka duniya ba. Ni a ganina, kowace al'umma ta karanta shi ne da irin tsoron da ke ranta. Wanda ambaliya ta ci yana ganin tsayawar ruwa rahama ce. Wanda ya ga farin 1973 da na 1984, ya ga shanu na faɗuwa a hanya, gero ya ƙone kafin ya fid da kai, ba zai kalli abin da ke zuwa tare da ɗaukewar ruwa da idon ƙauna ba.

Malamanmu sun yi daidai da suka ce babu wata iska da ke da iko da ruwan sama. Allah ke saukar da shi, shi ya sa idan ya yi jinkiri ake fita sallar roƙon ruwa. Alƙur'ani bai ambaci bakan a ƙissar Annabi Nuhu ba. Larabawa na kiransa Ƙausu Ƙuzah, kuma ruwayar da ake yawo da ita wadda ta hana wannan suna, malaman hadisi da dama sun ce ba ta inganta ba.

Abin da ke damuna shi ne ɗalibanmu kan ɗauka bayanin kimiyya daga Turai kaɗai ya fito. Kamaluddin al-Farisi, malamin Farisa da ya rasu wajen 1319, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa a madadin ɗigo guda, ya sa shi a ɗaki mai duhu, ya bi sawun haske a cikinsa. Ya ga hasken yana karyewa idan ya shiga, ya bugi bayan ƙwallon ya juyo, ya sake karyewa wajen fita. Ya rubuta wannan a sharhin da ya yi wa littafin Ibn al-Haisam, shekaru sama da 300 kafin Descartes ya auna kusurwar bakan a 1637. Newton ne ya cika bayanin: farin hasken rana launuka ne a gauraye, kowane launi da gwargwadon karyewarsa. Ja na fitowa a kusan digiri 42, shi ya sa yake ta waje. Shuɗi mai duhu na ciki. Idan hasken ya juya sau biyu a ɗigon, sai baka na biyu ya fito sama da na farko, a wajen digiri 51, dishi-dishi, launukansa a juye.

Wannan lissafi ya yi daidai da abin da kowane makiyayi ya sani. Dole rana ta kasance bayanka, ruwa a gabanka, kuma ranar ta yi ƙasa da digiri 42. Don haka ba a ganin bakan da tsakar rana a Jibiya, inda ranar damina ke tsayawa kusan bisa ka. Da hantsin farko yana yamma. Daga la'asar zuwa almuru yana gabas. Ba shi da gindi a ko'ina. Mai tsaye a Magama zai rantse ƙafar bakan ɗaya ta sauka a Nijar, alhali na Ɗan Isa wasu ɗigogin yake kallo daban, nasa bakan na can gaba.

To me ya sa dattijon ke yawan cin gaskiya? Saboda ya lura da kyau, dalilin ne kawai ya juya. Babban hadarin ƙasarmu yana tasowa daga gabas da guguwa da ƙura, ya rufe sama baki ɗaya. Babu rana, don haka babu baka. Bakan na fitowa ne idan girgije ya yage, ruwan na zuba tsilli-tsilli, irin na farkon damina ko ƙarshenta, ko kuma hadarin ya riga ya gaji. Na safe a yamma kuwa yana nufin ruwan dare ya wuce ya nufi Zamfara. Na maraice ne ke iya yaudara: ruwan yana gabas, ta inda hadari ke zuwa, wani lokaci kuma yakan iso bayan magariba, bayan an gama cewa ya shanye.