Kallo ko Duba? Tarken Hotunan Kukan 'Yan Mata na Petra Collins

1.0 Gabatarwa

Hausa ta bambanta kallo da duba. Ana kallon dambe, ana kallon amarya, amma marar lafiya duba shi ake yi. Ɗan kallo nishaɗin kansa ya kawo shi, mai dubiya kuwa halin da wani yake ciki ne ya dame shi. Da wannan ma'auni maƙalar nan za ta yi tarken jerin hotunan da Petra Collins ta kira 24 Hour Psycho, waɗanda aka baje kolinsu a San Faransisko ta Amurka a 2016.

2.0 Tushen Muhawara

A 1975 Laura Mulvey ta nuna a mujallar Screen cewa finafinan Holiwud an gina su ne a kan namiji mai kallo da mace abar kallo. Tun daga nan masu fafutikar 'yancin mata suke tambaya: shin lamarin zai sauya idan mace ce ta riƙe kyamara? Collins, wadda aka haifa a Toronto ta Kanada a 1992, tana cikin masu ganin zai sauya. Ta fara ɗaukar hotunan ƙanwarta da ƙawayenta tun tana budurwa, wato daga cikin tsara take ɗauka, ba baƙuwa ba ce.

3.0 Jigo da Salo

Jigon hotunan shi ne baƙin cikin budurwa. Kyamara tana matsowa dab da fuska, ga hawaye, ga kwalli ya zubo, an kuma haske fuskar da launuka masu ƙarfi, ja da shuɗi da ruwan hoda. Sunan jerin ma gatse ne, domin mahaukaciya ake yawan kiran macen da ta bayyana damuwarta a fili. Collins ta karɓi zagin ta mayar da shi take.

Dole a yaba mata a nan. A hoton talla an saba ganin budurwa tana murmushi domin ta faranta wa mai kallo. Waɗannan kuwa sun ƙi murmushi, ba su kuma ɓoye fuska ba. Hawayen da aka saba haɗiyewa a ɗaka sun zama su ne zancen.

Sai dai salon ya ci amanar jigon. Hasken ya yi kyau ainun, har hawaye ya koma kamar ado. Mai tsayawa gaban hoton launi yake fara yabawa kafin ya tambayi abin da ya sa yarinyar kuka, kuma hoton ba ya ba shi amsa: babu ɗaki, babu dalili, babu labari. Kukan da ba a san mafarinsa ba yana da sauƙin sayarwa. A 2016 ɗin nan Collins ta fito a tallan kamfanin Gucci, a 2021 kuma ta shirya wa mawaƙiya Olivia Rodrigo bidiyon waƙa. Ba laifi ba ne mai fasaha ta ci guminta, amma saurin da kasuwa ta yi wajen rungumar salon ya nuna bai tsorata ta ba.

4.0 Kwatanci

Bari mu jera su da hoton da Rineke Dijkstra, 'yar ƙasar Holan, ta ɗauka a bakin teku a Kolobrzeg ta Folan ranar 26 ga Yuli, 1992. Yarinya ce tsaye, ta ɗan karkace, kamar ba ta san inda za ta sa hannuwanta ba. Babu hawaye, babu fitila mai launi, sunan hoton ma wuri ne da kwanan wata kawai. Duk da haka rashin sukunin 'yan matanci ya fito sarai, har mai kallo ya ji nauyin zura mata ido. Wannan jin nauyin shi ne farkon duba.

5.0 Kammalawa

Abin da nazarin nan ya gano shi ne, sauya hannun da ya riƙe kyamara bai wadatar ba. Mace na iya ɗaukar 'yar'uwarta, hoton kuma ya kasance na kallo. Collins ta yi nasarar buɗe wa kukan budurwa ƙofar zauren fasaha, amma ta yi masa kwalliyar da ta tara masa 'yan kallo. Saboda haka tambayar da ta kamaci mai tarke ita ce: wanda ya tsaya gaban hoton nan, da ya juya, kyan hoton ya tafi da shi ko damuwar mai hoton?