Saƙon da ba a nema ba: sharhi kan harshen talla a Difa, tare da waiwayen Italiyanci

0. Gabatarwa

Duk mai salula a garin Difa da ƙauyukan bakin Komadugu ya san irin saƙon da za mu yi magana a kai. Shi ne wanda ke shigowa ba a nema ba, babu sallama, yana cewa a latsa wata lamba ko a sayi wani abu kafin gobe. Za mu kira shi tallar kutse. Tun da kamfanonin salula suka fara aiki a Nijar a farkon shekarun 2000, wannan saƙo ya shiga sahun rubuce-rubucen da suka fi isa hannun jama'a, har ƙauyen da jarida ba ta zuwa. Saboda haka ya cancanci a yi masa sharhi kamar kowane matani.

Ra'ayin da za mu kare shi ne: babban aibin tallar kutse bai wuce rashin sanin wanda take yi wa magana ba, kuma Hausa, saɓanin Faransanci da Italiyanci, ba ta barin a ɓoye wannan rashin sani. Misalan da za mu kawo mu muka tsara su bisa salon da kowa ya sani. Ba na wani kamfani ba ne.

1. Dalilin waiwayen Italiya

Italiya ta riga mu ganin yadda talla ke shiga cikin ginin harshen ƙasa. Tullio De Mauro, a littafinsa na 1963 kan tarihin harshe a Italiya, ya ƙiyasta cewa lokacin haɗewar ƙasar a 1861 masu iya Italiyanci ba su wuce kashi 2,5 cikin ɗari ba. Wasu masana sun ɗaga adadin zuwa wajen kashi 10, amma duk sun yarda cewa mafi yawan jama'a da kare-karen garuruwansu suke magana. Makaranta da aikin soja da ƙaura zuwa birane sun yi nasu aiki, sa'annan talabijin ta zo. Daga 1957 zuwa ranar 1 ga Janairun 1977, tashar RAI ta riƙa nuna shirin talla mai suna Carosello da dare. Ƙa'idarsa ita ce a ba ɗan wasan kwaikwayo mafi yawan lokaci, a ajiye tallar kanta a ƙarshe, a ɓangaren da suke kira « codino », wato ƴar wutsiya. Yara da manya sun haddace jimlolinsa, kuma ta nan Italiyanci ɗaya ya shiga gidajen da ba a saba jin sa ba.

Wannan ya sa masana harshe na can, irin su Giorgio Raimondo Cardona a 1974, suka ɗauki harshen talla da muhimmanci. Sun nuna dabarunsa: yawan umurni, kambamawa da ɗafa-ƙeyar -issimo da ɗafa-goshi irin super- da ultra-, da ƙirar sababbin kalmomi ta hanyar haɗa biyu su zama ɗaya.

Abin da ya haɗa mu da su shi ne matsayin harshe. Dokar 2001 ta amince da harsunan ƙasa goma a Nijar. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 kuwa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi su zama harsunan aiki. A Difa, inda Barebari suka fi yawa, ga Fulani da Tubawa da Larabawa da Buduma, Hausa harshen kasuwa da cuɗanya ce. Irin Hausar da talla za ta rubuta, ita ce mutane da yawa za su ɗauka daidaitacciya.

2. Wa ake yi wa magana?

A tsarin Jakobson, aikin harshe da ya rinjaya a talla shi ne na jawo mai sauraro, kuma kayan aikinsa kira da umurni. To amma wa ake kira?

Takardar tallar da ake cusawa a akwatin wasiƙun Italiya takan fara da « Gentile cliente ». Zaɓen ba na banza ba ne: sifar da sunan duka ba sa nuna jinsi, don haka takarda ɗaya ta wadatar ga namiji da mace. Bayan haka sai zaɓi tsakanin « tu » na sabo da « Lei » na girmamawa. Faransanci ma ya huta da « vous », wanda ya haɗa girmamawa da jam'i, bai kuma ce komai kan jinsi ba.

Hausa ba ta ba da wannan mafaka. Da zarar an juya « rechargez et gagnez », tilas a zaɓa:

(1) Ka sa kati ka ci kyauta.
(2) Ki sa kati ki ci kyauta.
(3) Ku sa kati ku ci kyauta.
(4) Sa kati!

Mai fassara yakan ɗauki (1) ba tare da tunani ba, ya fitar da mata gaba ɗaya, alhali su ne ke riƙe da ƙananan sana'o'i da yawa a gari da matsugunan ƴan gudun hijira. Misali na (3) ya fi dama, domin « ku » na ɗauke da jam'i da girmamawa. Na (4) ba ya nuna jinsi, amma umurni ne tsirara, irin wanda ake ba yaro. Ba a faɗa wa dattijo haka ba tare da gaisuwa ba.

Abin lura shi ne Hausa ta daɗe da warware matsalar, a bakin masu talla. Yarinyar da ke yawo da faranti cewa take « a sayi ƙosai », ko « ga ƙosai da zafi ». Wakilin suna « a » bai ware namiji ko mace ba, bai ƙasƙantar da babba ba, kuma tayi yake yi. « Ga » kuwa nuni ne kawai, ya bar wa mai ji zaɓi. Mai fassarar da ya tashi daga jimlar Faransanci ba zai iske « a » ba, tun da a can ba a talla da « on ». Sai wanda ya tashi daga bakin kasuwa.

Ga Babarbare kuma, wanda harshensa ba shi da jinsin nahawu, bambancin « ka » da « ki » abu ne da ya koya a harshe na biyu. Tallar da ke ce wa kowa « ka » tana rusa masa abin da ya koya.

3. Kyauta, gyara da lissafin kuɗi

Kwarin Komadugu ƙasar tattasai ce, wanda ake yi wa kirari da jan zinari. Manomi yakan shanya shi, ya ɗura a buhu, ya kai kasuwa, inda dillali ke shiga tsakaninsa da fatake, akasari masu kai shi Nijeriya. Mutanen da suka tashi cikin wannan ciniki suna da kalmomi masu kaifi: tayi, albarka, sallamawa, ragi, la'ada, gyara. Kowace da iyakarta.

Tallar kutse kuwa kalma ɗaya take jefawa a kan « gratuit » da « cadeau » da « bonus »: kyauta. Nan ne muke ganin kuskure mafi nauyi. A Hausa kyauta ba ta da sharaɗi. Abin da ake ƙara wa mutum bayan ya saya, gyara ne. Idan kuma sai an yi ƙuri'a kafin wani ya samu, wannan ba kyauta ba ce, ba gyara ba ce, kuma jama'a na da sunan da suke kiran sa. Mai tallar da ya ce « kyauta » alhali sai an biya, kuma abin zai ƙare cikin kwana ɗaya, ya faɗi abin da dillalin tattasai ba zai iya faɗa ba ya sake zama a kasuwa. Bambancin shi ne dillali na da fuska da unguwa, gobe za a gan shi.

Lissafi ma haka. Bahaushen Nijar da dala yake ƙirga sefa: 5 F dala ɗaya, 100 F dala ashirin, 500 F dala ɗari, 1000 F jika. Idan yaro ɗan makaranta ya karanta wa kakansa « 500 F » da « ɗari biyar », tsohon zai iya jin 2500 F. A Difa matsalar ta ninku, domin naira na yawo a kasuwa tare da sefa, ita kuma ba da dala ake ƙirga ta ba. Tallar da ta san mai sauraronta za ta faɗi kuɗin yadda ake faɗarsa.

4. Haruffan da injin bai sani ba

Akwai dalilin fasaha da ya kamata masana harshe su sani. Gajeren saƙo ɗaya na ɗaukar haruffa 160 muddin an tsaya cikin jerin haruffan tsarin GSM, wanda aka tsara a Turai. Wasulan Italiyanci masu alama, à, è, é, ì, ò, ù, duk suna cikin jerin. Namu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ ba sa ciki, haka ma ǝ da ɍ na Barbarci, ko da yake ƙa'idojin rubutu na 1999 sun tabbatar da su. Harafi ɗaya daga cikinsu ya isa ya mayar da saƙon zuwa wani tsari mai ɗaukar 70 kacal. Wato rubuta Hausa daidai na iya ninka tsada sau biyu ko fiye.

Sakamakon shi ne a yar da ƙugiya: « ƙare » ya koma « kare », « ƙara » ya koma « kara », « saƙo » ya koma « sako ». Wanda ya sha Hausa a nono zai gane daga muhallin jimla. Wanda ya koye ta a kasuwa, kuma harshensa na farko ba shi da waɗannan sautuka, rubutun zai tabbatar masa cewa bambancin babu shi.

Mafita mafi sauƙi ga mai talla ita ce ya zauna cikin Faransanci, kuma ita aka fi bi. Roland Barthes, a nazarinsa na 1964 kan tallar taliyar Panzani, ya nuna cewa sunan da launukan suna sayar wa Bafaranshe « Italiyantaka » ne kafin su sayar masa da taliya. Faransancin saƙon da ke isa Geskeru ko Boso irin wannan aiki yake yi: ga wanda bai yi lakwal ba, ba bayani yake bayarwa ba, alama ce ta birni da hukuma.

5. Abin da ke cikin haɗari

Nan batun ya wuce nahawu. Bayan hare-haren da aka kai Boso da Difa a watan Fabrairun 2015, an kafa dokar ta-ɓaci a jihar, an hana hawan babur, an kuma taƙaita cinikin tattasai da kifi kafin daga baya a sassauta. Dubban iyalai sun bar bakin kogi suka zauna gefen babbar hanya. A irin wannan hali salula ce ke haɗa dangi, ta nan ake jin an turo kuɗi, ta nan ake jin farashi. Mutumin da ba ya karatu, idan waya ta yi ƙara, sai ya nemi mai karanta masa. Ya yi haka sau biyar ya tarar talla ce, na shida ba zai tashi ba, ko da shi ne saƙon da yake jira. Ɗan damfara kuma ba ya buƙatar ƙirƙirar salo: taya murna, gaggawa, lambar da za a kira, duk tallar kutse ta riga ta saba wa mutane da su.

6. Kammalawa

Italiya ta buɗe rajistar masu ƙin tallar waya a 2011, ta faɗaɗa ta zuwa lambobin salula a 2022. Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutum a 2017. Wannan fagen masana shari'a ne. Namu fagen shi ne harshe, kuma muna ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, a gina tallar Hausa a kan « a » da « ku » da « ga », a bar « ka ». Na biyu, a bambanta kyauta da gyara. Na uku, a faɗi kuɗi da lissafin masu ji. Na huɗu, a jihar Difa kada Hausa ta zama hujjar barin Barbarci da Fulatanci da sauran harsuna, musamman a rediyo da saƙon murya, inda matsalar haruffa ba ta taso ba.

Ga ɗalibanmu masu neman batun kundi, aikin da ke jira shi ne tattara saƙonnin kansu, tare da naɗar kiran masu talla a kasuwar Difa da ta Maine-Sorowa, a jera su gefe da gefe a kwatanta.