Fuska da Jiki a Bakin Mai Tatsuniya: Amsa ga Wani Suka

Akwai wani suka da aka daɗe ana yi wa labarun Hausa, na baka da na rubuce, har ya zama kamar karatun hadda a kwalejojin horon malamai. Masu sukan suna cewa mai ba da labari na Hausa ba ya nuna fuskar mutanensa. Zai ce yarinya kyakkyawa ce, son kowa ƙin wanda ya rasa, ko kuwa ya ce kamar ita ta yi kanta, sa'an nan ya wuce abinsa, bai gaya maka yadda hancinta ya ke ba, balle gira ko haɓa. Suka ce wannan rauni ne, ko dai na harshen ko na masu shi. Nufina a wannan takarda in nuna cewa abin da suka lura da shi gaskiya ne, amma hukuncin da suka yanke a kansa kuskure ne. Hujjata iri biyu ce, watau abin da na ji da kunnena a Fakuwa, cikin ƙasar Kankiya, da kuma abin da masana ƙwaƙwalwa suka gano tun daga 1947 game da yadda mutum ya ke gane ɗan'uwansa.

I

Bari mu fara da abin da ke hannu. Wata shekara da kaka na kwana biyu a Fakuwa, na zauna a gefen tsakar gida bayan sallar lisha ina sauraron wata tsohuwa tana yi wa jikokinta tatsuniyar marainiya da kishiyar uwa. Daga buɗewa har ƙurunƙus ba ta ambaci idon marainiyar ko hancinta ba. Amma ta ce da kishiya ta kira ta sai ta taho saɗaf-saɗaf, ta durƙusa nesa, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. 'Yar kishiyar kuwa aka ce ta shigo tana rangwaɗa, ta tsaya ƙerere a kan mutane, ta yi tsaki. Kura ta zo buguzum-buguzum. Gizo kuwa, kamar yadda aka saba, da tsamin bakinsa aka san ya iso. Babu yaro ɗaya da ya tambayi kamannin marainiya, alhali kuwa sun yi mata kuka.

Wanda ya duba tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913 zai tarar da wannan hali. Haka kuma marubutan da suka shiga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933 sun tashi ne da irin wannan sauraro a kunnuwansu, don haka ba abin mamaki ba ne da labarunsu suka fi dogara ga aiki da magana da motsi. Ɗaya daga cikin littattafan wannan zamani ma sunansa karin magana ne da ya dace da zancenmu, watau Jiki Magayi, ko da ya ke can an yi nufin wata ma'ana dabam, ta sakamakon abin da mutum ya shuka.

To, a lura da wani abu. Harshen Hausa bai yi talaucin kalmomin fuska ba. Muna cewa ya ɗaure fuska, ya murtuke, ya sha kunu, ya haɗe gira, ya saki fuska, ta harare shi, ta murguɗa baki. Dukansu kuwa ayyuka ne, abin da fuska ta ke yi, a lokacin da ta ke yinsa. Inda harshen ya ke tsuke baki shi ne wajen siffar fuska a tsaye, wadda ta raba wane da wane. A nan ba mu da abin faɗi sai abin da za a iya nunawa da yatsa: wushirya, bille, zanen Gobirawa da ke tashi daga gefen baki, tabon agana. Tambaya ita ce, me ya sa?

II

A 1947 wani likita Bajamushe, Joachim Bodamer, ya rubuta labarin wasu majinyata da suka sami rauni a ƙwaƙwalwa, har da sojan da aka harba a yaƙin duniya na biyu. Idanunsu suna gani. Suna iya cewa ga hanci, ga baki, ga ido, amma ba su iya haɗa su su ce wannan wane ne, ko da kuwa na jikinsu ne. Wannan cuta mu kira ta makantar fuska. Masu ita da murya su ke gane mutane, ko da tafiya, ko tufafi. Abin da wannan ya koya mana shi ne, ganin gaɓoɓin fuska ɗaya bayan ɗaya dabam, gane mai fuskar dabam.

A 1969 Robert Yin ya nuna cewa idan aka juya hoton fuska, kai ya koma ƙasa, gane ta ya kan yi wuya fiye da yadda ya ke yi ga hoton gida ko na jirgin sama da aka juya haka. Ba a cire kome daga hoton ba, tsarinsa kaɗai aka birkita. Watau ƙwaƙwalwa dunƙule ta ke ɗaukar fuska, gaba ɗaya, kamar yadda wanda ya iya karatu ba ya baƙi da farfaru kafin ya gane kalma. Ma'aunin lantarki da a ke ɗorawa a fatar kai ya nuna wannan aiki yana farawa cikin misalin kashi ɗaya bisa shida na sakan, tun harshe bai motsa ba. Sa'an nan a 1997 Nancy Kanwisher da abokan aikinta a Amurka, da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana cikin aiki, suka nuna wani ɗan wuri a ƙarƙashinta, wanda ya fi ƙarfi a ɓangaren dama, da ke motsawa ga fuska fiye da kowane abu. A 2001 Paul Downing, tare da ita Kanwisher da wasu, suka sami wani wurin dabam a gefe, wajen ƙeya, wanda shi kuma jiki da gaɓoɓinsa ya ke amsa wa.

Gwajin da ya fi shafar mu malaman harshe shi ne na Jonathan Schooler da Tonya Engstler-Schooler a 1990. Sun nuna wa mutane majigin fashi a banki. Wasu aka ce su rubuta kamannin ɗan fashin dalla-dalla, wasu aka ba su wani aikin. Da aka kawo hotuna a zaɓi ɓarawo, waɗanda suka yi rubutun su suka fi kuskure. An sake gwajin a 2014 a jami'o'i masu yawa, aka kuma sami wannan illa, ko da ya ke a wani tsarin gwajin ta yi sauƙi. Ma'ana, idan ka tilasta wa harshe ya yanyanka fuska gunduwa-gunduwa, kana iya ɓata hoton da zuciya ta riƙe. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Mutum dubu suna da dogon hanci da manyan idanu, amma uwa ba ta ɓatan ɗanta a cikinsu, ita kuwa ba za ta iya gaya maka da me ta gane shi ba.

Jiki kuwa ba haka ya ke ba, domin motsi yana da farko da ƙarshe, kamar magana, saboda haka harshe yana iya binsa sawu da sawu. A 1973 Gunnar Johansson, a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, ya liƙa 'yan fitilu kamar goma sha biyu a gaɓoɓin mutum cikin duhu. In mutumin yana tsaye, mai kallo ba ya ganin kome sai ɗigo-ɗigon haske. Da ya fara tafiya, nan take a ce ga mutum. A 1977 James Cutting da Lynn Kozlowski suka nuna abokai suna iya gane junansu daga waɗannan fitilu, ba kullum ba, amma fiye da abin da cinke zai bayar. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanyar Kankiya zuwa Kusada da almuru, ya hango mai tafiya daga nesa ya ce ai wane ne, ya san wannan tun ba a auna ba.

III

Lalle wani zai kawo mini karin maganar nan, labarin zuciya a tambayi fuska, da 'yar'uwarta, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ban musa ba. A zaman kusa, cikin natsuwa, fuska ita ce babbar shaida. Amma a 2012 Hillel Aviezer da Yaacov Trope da Alexander Todorov suka ɗauki hotunan 'yan wasan tanis a daidai lokacin da suka ci ko aka ci su. Waɗanda aka nuna wa fuska kaɗai suka kasa raba mai murna da mai baƙin ciki. Waɗanda aka nuna wa jiki ba fuska suka raba. Da aka ɗora fuskar wanda aka ci a kan jikin wanda ya ci, masu kallo jikin suka bi, suna kuwa tsammanin fuska suka karanta. Idan abu ya kai maƙura, kukan daɗi da kukan mutuwa fuska ɗaya gare su. Tatsuniya kuwa a maƙura ta ke zaune: yunwa, kora, haɗuwa da Dodo, auren ɗan sarki. Mai cewa gwiwarsa ta yi sanyi, ko ta ɗora hannu a ka, ko ya yi tagumi, ko ya ciji yatsa, ya zaɓi shaidar da ta fi gaskiya a irin wannan wuri.

A ƙara da yadda zaman jama'a ya ke a ƙasarmu. Kunya ta hana amarya kallon surukinta ido cikin ido. Yaro ba ya ƙura wa babba ido. Talaka a gaban hakimi durƙusawa ya ke, kansa a ƙasa, shi kuma basarake amawali ya rufe masa rabin fuska. Mace ta ja lulluɓi. A wuraren da magana ta fi nauyi, nan fuska ta fi ɓuya. Don haka Bahaushe ya koyi karanta nisan da mutum ya tsaya, da irin durƙusonsa, ko har ƙasa ne ko na ganin dama, da inda ya cire takalmi, da hannun da ya miƙo. Da tsohuwar Fakuwa ta ce 'yar kishiya ta tsaya ƙerere, ta gama faɗin tarbiyyarta da ta uwarta cikin kalma ɗaya. Kada kuma a manta da dare a ke tatsuniya, ita kanta mai faɗin ba a ganin fuskarta sosai. Kowane yaro sai ya ba marainiya fuskar da ya sani, ta yayarsa ko ta wata 'yar maƙwabta, shi ya sa kukan ya ke zuwa.

Ga kuma gwaji daga wajenmu. Littattafan soyayya da suka yawaita a Kano daga shekarun 1980 da yawansu sun ɗauki hanyar da masu suka su ke so. A kan jera wa yarinya dara-daran idanu, da dogon hanci, da siririn leɓe, da gashi har gadon baya. Mai karatu ya rufe littafi goma, ya tarar yarinya ɗaya ce a cikinsu duka. Inda ƙwararrun cikinsu suka yi nasara, in ka duba, a wajen gaisuwa ne da shiru da yadda kishiya ta ajiye kwano.

IV

Ban ce hanyar tatsuniya ba ta da aibi ba. Aibinta yana wani wuri ne. Motsin da ta ke amfani da shi ya kan tsufa ya zama kuɗin da ya shafe: kowane mai tunani tagumi, kowane mai mamaki ya riƙe baki, kowace kishiya harara. Idan marubuci ya ɗauko su daga rumbu ba daga kallo ba, mutanensa sun zama iri, ba a san wane da wane ba, kamar dai masu dara-daran idanun can. A nan ya kamata mai nazari ya kafa sukansa: wannan motsi na wannan mutum ne a wannan sa'a, ko kuwa aro ne?

Abin da ya sa na ɗauki wannan magana da nauyi shi ne abin da na gani a littattafan insha'in yara a wata makaranta. An ce su siffanta kakarsu. Wani yaro ya rubuta yadda ta ke dafa gwiwa in za ta tashi, da yadda ta ke kare rana da tafin hannu in tana duban mai shigowa, da inda ta ke ƙulle goro a bakin zane. Malam ya ja masa jan alƙalami ya ce bai siffanta ba. Wanda ya rubuta cewa tana da ido biyu da matsakaicin hanci da baƙar fata ya ci maki. Haƙiƙa na farkon ya nuna mini tsohuwa har na ji kamar na san gidansu. In muka ci gaba da irin wannan gyara, za mu cire wa yara abin da suka zo da shi daga tsakar gida, mu ba su abin da ƙwaƙwalwar mai karatu ba ta iya haɗawa.

Shawarata ga 'yan'uwa malaman kwaleji ita ce a aika ɗalibai kasuwa ko bakin rijiya ko ƙofar fada, kowa ya zaɓi mutum ɗaya ya kalle shi daga nesa, ya rubuta tafiyarsa da tsayuwarsa da gaisuwarsa, ba tare da ya ɗauko tagumi ko harara daga hadda ba. Daga fuska a ƙyale shi ya ɗauki abu ɗaya tak, wanda ya raba ta da sauran, ko abin da ta yi a lokacin. Sa'an nan a karanta a aji, a ga ko 'yan garin za su ce ai wane ne. In sun gane shi, siffa ta cika. Allah ya sa mu dace.